Fata Arba'in da Ba Su Cikin Takarda

Tun da na dawo daga Ingila ban huta ba. Duk wanda ya zauna a bencin shagona na Ƙofar Taramniya sai ya ce, "Alhaji Garba, wai da gaske jirgin kamun kifi ka je gani?" Na ba da labarin har muryata ta dushe, kuma na lura kowa yana ƙara masa gishiri in ya kai shi gaba. Shekaranjiya a Gawon Nama wani ya tare ni yana mini barka, wai na sayi jirgin ruwa zan kawo shi gulbin Rima. Shi ya sa na ce gara in rubuta yadda aka yi.

Ga abin da ya fitar da ni daga gida. Fatar jar akuya ɗari huɗu, jemammu, rinannu, aikin wata biyar na majema goma sha ɗaya. Su ne kaya na farko da na aika waje da sunana, ba ta hannun kamfani ba. Shekara ashirin da biyu na yi ina bin kasuwannin ƙauye, da fari a kan keke, ina sayen ɗanyar fata ina kai wa kamfani, su zaɓi wadda suke so su ture mini saura. In kayan nan suka karɓu, an yi mini alkawarin aikin wasu jirage biyu. In suka lalace, zan koma layin ƙofar kamfani, kuma ban san da wane ido zan dubi majeman da na sa suka bar aikin kowa suka yi nawa ba.

Yadda cinikin ya zo kuwa, wani Bature da ya yi aikin famfo a nan garin ya sayi matashin fata guda biyu a wurina ya tafi da su gida. Wansa, Mista Alan, yana da wurin gyaran jiragen ruwa. Sana'arsa ita ce ya sayi tsohon jirgin masunta, ya fitar da kayan cikinsa, ya mai da shi gidan da mai kuɗi zai zauna ciki ya zaga duniya. Ya ga fatarmu, ya aiko yana son ɗari huɗu don kujeru da bangon falon wani jirgi.

Ranar ɗaurin kaya, Magaji, babban majemin da ya jagoranci aikin, ya tsaya yana kallo ina ƙirga ɗari-ɗari a dila huɗu.

Ya ce, "Alhaji, ɗari huɗu cif za ka aika ma baƙo? Awa wanda ba shi son a dawo mai? Ina gyara?"

Na ce, "An riga an rubuta takarda, Magaji."

Ya ce, "Mi takarda ta sani? Ko mai tumatur tana ɗora biyu bisa. Ƙara goma-goma."

Gaskiya ban yi gardama ba, don ni ma haka na ga ya dace. Tun ina yaro ban taɓa ganin an gama ciniki na mutunci ba a ɗora gyara ba. Muka ƙara goma a kowace dila. Takarda tana cewa ɗari huɗu, kaya suna ɗari huɗu da arba'in. Da yake tashar jiragen ruwa ta Ikko a cunkushe take da jiragen siminti, sai na aika ta jirgin sama daga Kano.

Mako huɗu shiru. Sai ga talgiram daga Alan: kwastan sun riƙe kaya, sun ce adadi bai yi daidai da takarda ba, suna zargin an ɓoye kaya don gudun haraji. Mai jirgi yana son tashi kafin lokacin guguwa. In fata ba ta fito cikin mako biyu ba, Alan zai sa fatar roba.

Da na karanta wa Magaji, ya riƙe baki. Ya ce, "Don mun yi ma mutum alheri anka kama kaya? Wanga wane irin gari na?"

Fasfona na aikin hajji bai mutu ba, don haka washegari na kama hanyar Kano a Fijo. Shingen soja uku muka wuce kafin Gusau. A na ukun wani kofur ya buɗe jakata ya ga ƙatuwar rigar sanyi da na saya a gwanjo, ya dube ni, ya dubi rana, ya ce, "Alhaji, lafiya dai ko?" Kwana huɗu na yi a Kano tsakanin banki da ofishin biza. Kowa a layin bizar, sayayya zai je yi Landan, wani firji, wani kayan aure. Ni kaɗai ne zan je belin akuya.

A filin jirgin Landan na fara ɗanɗana abin da ke jirana. Matata Hajiya ta yi mini guzurin kilishi da dakuwa. Wata ma'aikaciya ta ɗaga kilishin da yatsa biyu ta ce, "Ka ce kai mai sayar da fata ne. Wannan samfur ne?" Na ce nama ne, ci ake yi. Ta ce ai kuwa nama ba ya shiga. Ina kallo ta jefa aikin Hajiya a kwandon shara, tana ba ni haƙuri da murmushi. Turancina na kanti ne, wanda na koya a bakin sikeli, bai kai na rigima ba. Dakuwa dai ta tsira.

Daga Landan na shiga jirgin ƙasa zuwa arewa, tafiyar wajen awa biyar. Mu shida a ɗaki ɗaya, gwiwa na gugar gwiwa, ba wanda ya ce wa wani sannu. Na miƙa wa na kusa da ni dakuwa, ya yi godiya sau uku bai karɓa ba. Da na sauka kuma saura kaɗan mota ta kwashe ni, don har yanzu hannun hagu suke bi, irin yadda muke yi kafin a canza mana.

Garin na masunta ne, a bakin teku ta gabas. Alan ya tarye ni a tasha, dogo, mai gajeren zance, hannunsa duk tabon walda. Ya kai ni gidan wata tsohuwa, Misis Doti, mai ba da hayar ɗaki da abinci. Ɗakin tsaf yake, amma in kana son ɗumi sai ka jefa kwabo a wani akwati, in ya cinye wuta ta mutu. Banɗakin kuma shimfiɗe da darduma, ba buta, ba wurin da ruwa zai bi. Alwalata ta farko ta jiƙa mata darduma har ta hau bene tana tambaya ko famfo ne ya fashe. Da safe ta kawo ƙwai da naman alade. Na ce ba na ci. Ta sa cokali ta ture naman ta miƙo mini farantin. Na sake ba ta haƙuri, na sha shayi da burodi. Da na dawo da yamma na tarar ta sayo sabon kasko ta ɗaura masa jan zare a mariƙi, ta ce nawa ne ni kaɗai. Ta kuma ajiye mini butar shayi ta ƙarfe da roba a banɗaki. Daga baya na ji mijinta a teku ya rasu, ko gawarsa ba a samu ba. Kwana goma sha ɗaya kifi da dankali nake ci, ba yaji ba daddawa, amma ban taɓa tashi da yunwa a gidanta ba.

Abin da na fara gani a bakin ruwa ya taɓa ni. Jiragen kamun kifi jere, an ɗaure su uku-uku, duk tsatsa. Alan ya ce ƙasar da suke zuwa kamun kifi a ruwanta ta hana su, man jirgi kuma ya yi tsada. Ni kuwa na san tsadar man nan ita ce ta cika mana gari da sababbin motoci. Maza majiya ƙarfi suna tsaye a bakin titi da hannu a aljihu tun safe.

Jirgin da ake aiki a kansa na ƙarfe ne, tsawonsa ya kai taku talatin. Na tambayi Alan abin da kowane ɗan kasuwa zai tambaya: mutumin da ke da kuɗin zaga duniya, me zai hana shi sayen sabo?

Ya ce, "Sabo don kwana biyu a kusa da gaɓa aka yi shi. Wannan shekara ashirin yana shiga ruwan ƙanƙara yana dawowa da mutanensa. Injinsa a hankali yake juyawa, ba ya shan mai, kuma ko a ƙarshen duniya maƙeri zai iya gyara shi. Mai shi likita ne da ya ajiye aiki, yana son ya je inda ba gari, ba tashar mai."

Nan na gane. Wanda zai ratsa hamada raƙumi yake nema, ko da mummuna ne.

Ya zaga da ni. An cire injin jan taru daga sama. Rumbun da ake zuba kifi da ƙanƙara an mai da shi ɗakin kwana uku da falo. An ƙara tankunan mai da na ruwan sha har jirgin zai yi wata biyu bai tsaya ba. An lulluɓe bango da wani abu kamar auduga saboda sanyi. Abin da ya fi ba ni mamaki, da aka raba jirgin da nauyin kifi sai ya zama yana rawa a kan ruwa kamar ƙwarya, dole suka zuba guntayen ƙarfe da siminti a ƙasan cikinsa. Simintin da muke bin layi a kansa a gida! Sai wari. Wata uku suna kankarewa suna wankewa da tururi, amma in ka sunkuya kifi na nan. Alan ya ce yana son fatarmu ne don laushinta, da kuma ƙamshinta da zai danne wannan. Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce da ma Magaji na nan ya ji, shi da mutane ke toshe hanci in sun biyo ta majema.

A cikin rumbun na haɗu da Bil, wani tsoho gajere mai farin gemu, yana durƙushe yana goge katako. Alan ya ce, "Wannan shi ne kyaftin ɗin jirgin nan, shekara goma sha bakwai." Da kamfanin kamun kifin da ke da jirgin ya sayar da shi, sai Bil ya biyo shi ya nemi aikin leburanci.

Azahar ta yi, ba rana a sama, ban san gabas ba. Na tambayi Alan, ya ɗaga kafaɗa. Bil ya miƙe ya ce in biyo shi. Ya kai ni ɗakin tuƙi, inda wani kamfas na tagulla yake, na'urar nan mai nuna arewa, girmansa kamar akushi. Ya shimfiɗa taswira, ya ce in nuna masa Makka. Ya aza katako ya ja layi, ya dubi kamfas, ya kama kafaɗata ya juya ni. Ya ce, "Nan." Ya ɗauko alli ya zana kibiya a ƙasa, ya kori masu walda daga wurin har na idar. Kullum daga ranar, in lokaci ya yi, sai in ga ya share wurin ya fita ya tsaya a ƙofa yana shan taba a lofensa.

Wata rana muna shan shayi na ce masa, "Ba ya maka ciwo, kana goge wa wani ɗakin kwana a inda kake zuba kifinka?"

Ya ce, "Yana yi. Amma sauran jiragen yankawa za a yi a narkar. Wannan zai sake ganin ruwa mai zurfi. Gara ya ɗauki likita da matarsa da a yi cokula da shi."

Na tuna mahaifina. Jaki goma sha huɗu gare shi, yana fatauci tsakanin Sakkwato da Jega, har motoci suka zo. Ya ƙare yana yi wa masu mota dako a tasha, yana gyara musu ɗaurin kaya don ba su iya ba. Na ba Bil labarin da Turancina na kanti. Ya ƙara mini shayi.

Ranar zuwa ofishin kwastan, a babban garin da ke kusa, mu uku muka tafi, don Bil ya ce shi ma zai raka mu. Jami'in mutum ne mai gilashi, mai ladabi, ga takarduna a gabansa.

Ya ce, "Ɗari huɗu ka rubuta. Mun ƙirga ɗari huɗu da arba'in. Kuskuren ƙirga ne?"

Alan ya riga ya gaya mini a mota in ce kuskure ne, abin zai fi sauƙi. Amma ni mai fata ne. In na ce ban iya ƙirga ɗari huɗu ba, me ya rage mini? Na ce, "Ba kuskure ba ne. Da sani na ƙara. A garinmu gyara ake ce masa. In mutum ya saya, sai ka ɗora masa kaɗan a kai."

Ya ce, "Nawa Mista Alan zai biya a kansu?"

Na ce, "Ko kwabo."

Ya cire gilashi ya ce, "Kana so in rubuta cewa ɗan kasuwa ya biya kuɗin jirgin sama don ya ba mutumin da bai taɓa gani ba fata arba'in kyauta?"

Na ga magana tana neman lalacewa. Ba zan ɓoye ba, hannuna ya nufi aljihu, yadda aka saba a shingen hanya. Sai na ji takalmin Bil a kan ƙafata, da ƙarfi, har na ga taurari. Na mai da hannu kan tebur.

Bil ya ce wa jami'in, "Yaro, ɗan wane gari ne kai?" Ya faɗa. Bil ya ce, "To ka san abin da zan ce. Lokacin da jirage ke dawowa, kowane masunci yana fita da ƙunshin kifi da ba ya cikin sikeli. Ɗaya na gidansa, ɗaya na matar da mijinta bai dawo ba. In mai shago ya sayi kwando goma, muna jefa masa biyu a kai. Wa ya taɓa rubuta wannan? Uwarka ba ta taɓa samun ƙunshi a bakin ƙofa ba?"

Jami'in ya daɗe yana goge gilashinsa. Sa'an nan ya ce, "Ta samu." Ya mai da gilashin. "Na yarda ba ɓoyewa ya yi ba, zan cire wannan zargi. Amma kyauta ma sai an rubuta ta. Zai biya harajin arba'in ɗin, da tarar takardar da ba daidai ba."

Na biya, kuma har yau ban ga laifinsa ba. Aikinsa ke nan. Ni ma in yaron shagona ya kawo mini dila da adadi daban da abin da aka faɗa, sai na bincika.

Da muka kwance kaya a wurin Alan, sai ga ɓarna. Mako shida a ɗakin ajiya mai danshi, ga iskar teku, fatun da ke gefen kowace dila sun yi funfuna. Na zauna a ƙasa na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina ɗagawa a haske, ina shinshinawa. Wasu na ceto da tsumma da ɗan mai. Talatin da uku tabon ya ci rini, na ware su gefe. Alan ya ce a yanke wurin tabon a yi amfani da saura, na ce ba da sunana ba. Muka ƙirga masu kyau: ɗari huɗu da bakwai.

Alan ya dube ni ya ce, "Da ba ka ƙara ba, da ba su isa ba."

Na ce, "Da ban ƙara ba, da ba su kwana a wurin kwastan ba."

Bil ya yi dariya har lofensa ya faɗi. Alan ya ce zai biya bakwai ɗin da suka haura. Na ce gyara ba a sayar da shi. Sai ya sa matan da ke ɗinki suka lulluɓe kujerar ɗakin tuƙi da su.

Na tsaya har aka gama falo. Ja wur, yana sheƙi a ƙarƙashin fitila. Na shafa bangon na tuna akuyoyin Illela da Gwadabawa, na ce ikon Allah, ku da ko gulbi ba ku son tsallakawa. Likitan ya zo da matarsa, ta shaƙi iska ta ce ba ta jin kifi. Ni dai ina ji kaɗan, amma ba a tambaye ni ba.

Ranar gwaji aka fita teku da ni. Ban ga kome ba sai cikin bokiti, saboda amai. Abin da na tuna kawai, Bil ne ya tuƙa, yana zaune a kan jar fatar Magaji, kuma da muka dawo ya jingina jirgin da gaɓa a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Na yi zaton likitan zai tafi da shi. Na ma yi masa magana, ban ji kunya ba. Ya ce ya riga ya ɗauki matasa biyu masu takardar makaranta, kuma tafiyar shekara biyu ce, Bil ya tsufa. Wataƙila gaskiyarsa ne.

Da safen da zan tafi, Bil ya zo gidan Misis Doti da akwatin katako. Na buɗe, sai ga kamfas. An sa wa jirgin sabo, an ce wa Bil ya ɗauki tsohon in yana so. Na ce ba zan karɓa ba, shi kaɗai ya rage masa daga jirginsa.

Ya ce, "Ni na san inda arewa take. Kai ne ke ɓacewa." Sa'an nan ya buga murfin akwatin ya faɗi kalmar da bakinsa na Bature: "Gyara."

Na ce, "To, amma sai an rubuta." Na sa Alan ya buga takarda da tambarinsa: kamfas ɗaya, tsoho, kyauta. A Kano na miƙa wa kwastan ita tun kafin a tambaye ni. Ma'aikacin ya ce bai taɓa ganin mai neman a duba shi ba.

To ga lissafi. Na yi asarar fata talatin da uku. Tara da haraji sun ci kimanin kuɗin fata sittin, kuɗin tafiya kuma ya cinye ribar kayan gaba ɗaya har ya taɓa uwar kuɗi. Kwana ashirin ba na shago, ga kilishin Hajiya, ga farcen babban yatsana da takalmin Bil ya kashe. Abin da na samu: aikin jirage biyu ya tabbata, majema goma sha ɗaya suna da aikin shekara, kuma Alan ya rubuto cewa wani mai irin sana'arsa yana tambayar sunana. Kamfas yana nan a shago, wanda bai yarda ba ya zo ya gani. Misis Doti ta aiko da kati, ta ce likita ya tashi, Bil ne ya kwance masa igiya, kuma ya tsaya a bakin ruwa har jirgin ya ɓace. Wannan ban san a wane gefe zan sa shi ba.

Makon jiya muka ɗaure kaya na biyu. Na ƙirga ɗari huɗu, Magaji yana tsaye yana kallona ta wutsiyar ido. Na ce a ƙara goma-goma. Na kuma sa aka ware fata ɗaya, mafi kyau, aka naɗe ta daban. Magaji ya ce, "Wagga fa?" Na ce ta wani tsoho ce. Na ɗauki alƙalami na rubuta a takarda: ɗari huɗu na ciniki, arba'in da ɗaya gyara.